Ranar da Aka Kaɗa Takensa

Jikana ne ya tayar mini da wannan magana. Ya faɗo mini ɗaki da waya a hannu tana ta ɓaɓatu, wata waƙa ce ta samarin yanzu, wai ana maganar sare-saren da ake yi a lungunan birni, da yaron da ke kwana da yunwa ya tashi da wuƙa. Na ce ya rage mini ƙararta. Sai cewa ya yi, "Kaka, ai ku ba za ku gane ba. Ku a zamaninku waƙa ta yabon manya ce da 'yan mata, ba ku san irin wahalarmu ba." Kai, ji mini ɗan nema! Yaron da ko guga bai taɓa ja ba, wai shi zai koya mini wahala. Na ce tafi ka ba ni wuri, ya fita yana dariya. Amma da ya fita sai na kasa komawa kan carbina. Zuciyata ta tafi can bayan tashar Gumel, inda yanzu aka jera shaguna, masu keke mai ƙafa uku suna ta danna hon a daidai wurin da turamenmu suke a da.

Mu ba 'yan gari ba ne. Daga wani ɗan ƙauye muka fito a ƙasar Sule Tankarkar, inda ake Fillanci a tsakar gida, a yi Hausa a kasuwa. Muna noman geronmu, muna da 'yan shanunmu, ba mu taɓa sayen tsaba ba. Sai ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ta wuce hadari yana haɗuwa yana watsewa, wata ta biyo ta haka. Shekarun nan ne da aka ce mota ta sauya hannu, aka kuma karɓe fam da sule aka kawo naira, tsofaffi suna cewa duniya ce ta juya mana baya gaba ɗaya. Shanu suka dinga durƙushewa a bakin rijiya, ungulu ta ci har ta kasa tashi. Da idona na ga matan da a da ba sa cin tuwo sai da man shanu suna tonon gidan tururuwa don 'yar ƙwayar da ta ɓoye. Mun ci 'ya'yan hanza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacin ya sake su. Ranar da saniyarmu ta ƙarshe ta faɗi, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya feɗe ta, ya naɗe fatar, ya ce in goya 'yarmu mu tafi gari. A ƙafa muka zo.

Unguwar da muka sauka ba ta da suna, "bayan tasha" kawai ake ce mata. Ɗakunan zana ne da tsofaffin buhuna da gwangwanayen da aka fasa aka miƙe, in maƙwabcinka ya yi tari sai ka ce a kunnenka ya yi. Duk wanda fari ya koro nan yake faɗawa, mutanen Damagaram, mutanen Gagarawa, buzaye da ba su da ko akuya. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar wurin. Kukan yara irin na yunwa, wanda ba shi da ƙarfi, gurnanin manyan motoci suna juyawa, masu shayi suna kwankwasa kofi, sannan taɓare. Tun da assalatu muke haɗuwa a gidan wata tsohuwa da muke kira Iya, ita take karɓo dakau daga gidajen masu hali ta raba mana. Mu sussuka, mu surfa, mu bakace, mu daka, mu tankaɗe, hannu ya yi kanta ya fashe ya sake yin kanta. Ladanmu dusa ce da ɗan abin da ya maƙale a gindin turmi. Duk da haka muna lugude, muna cilla taɓarya sama mu tafa mu cafe, don Iya ta ce turmin da ba a yi masa waƙa ya fi nauyi. In wata ta fara ƙorafi sai Iya ta ce, "Daka, 'yar nan, daka. Yunwa a ba ki a huta." Yanzu inji ke yin wannan aikin, ban ce a dawo da turmi ba, amma ban taɓa jin mace ta faɗa wa inji damuwarta ba.

Maza kuwa dako ne aikinsu. Mota ta zo da hatsi daga kudu a sauke, a loda wata ta wuce Maigatari, daga nan a tsallaka iyaka da shi. To, kafin mu zo akwai 'yan dakon gari, tun kakanninsu suke wannan aiki, kuma su ma ba wani ƙoshi suke yi ba. Da baƙi suka cika wurin sai masu hatsi suka gane cewa mayunwaci ba ya ciniki. Abin da ɗan gari zai ce ba ya ɗauka, baƙo zai ɗauka da godiya. Shi ke nan gaba ta ƙullu. Yau a fasa wa namu kai, gobe a sari nasu a lungu. Masu buhunan suna zaune a inuwa a kan tabarma suna kallo, faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Mu mata in mun ji ihu daga wajen tasha sai taɓare su tsaya cak, kowace tana sauraron ko gidanta za a nufo.

Dole in yi bayanin take, don yaran yanzu ba su san shi ba. A da duk namijin da ya yi wasan tauri yana da takensa, wato ɗan kiɗan da makaɗi ya yanka masa shi kaɗai, da kirarin da ke bin kiɗan. In aka kaɗa wa mutum takensa, ko tuwo yake ci sai lomar ta faɗi. Jikinsa ya ɗauki tsuma, idonsa ya kaɗa, ba ya ji ba ya gani sai ya fita fili. A ƙauye abin wasa ne, bayan kaka ake yi, rumbu cike, dattawa suna zaune. Mutum ya goga wuƙa a wuyansa ta lanƙwashe, a yi guɗa, a watse, kowa ya je ya sha furarsa. Maigidana ya yi wannan wasa yana saurayi, kuma ba na ɓoyewa, a wurin na fara ganinsa. Takensa cewa yake, ƙayar aduwa, ko mai takalmi ya kauce. Wanda ya yanka masa taken wani mai kalangu ne da ke bin kasuwanni. Ikon Allah, da muka zo bayan tasha sai muka tarar da shi zana ɗaya ce tsakaninmu. Ya tsufa, mahautan da yake yi wa kiɗa ba su da abin yankawa, shi ma fari ya koro shi. Baba muke ce masa.

Da farko in za a fita faɗa samari sukan zo su ɗauki Baba, ya kaɗa wa kowa takensa, su ba shi ɗan abin miya. Sai da aka kawo gawar wani yaro ɗan Damagaram a kan ƙyaure, uwarsa tana bin ta a baya ba mayafi, sannan Baba ya ce ya daina. Daga ranar ya sauya waƙa. Da hantsi yakan zauna a gindin wata bishiyar bedi da ke kallon tasha, ya matse kalangu a hamata, ya dinga ja da murya ƙasa-ƙasa:

Buhu na Alhaji, wuya na ɗan dako,
Hatsi ya tafi Maigatari, jini ya kwana a gida.
Karnuka biyu suna faɗa a kan ƙashi,
Mai naman na kan tabarma yana sakace.

Yakan sa duk abin da ya faru a unguwa. Wance ta haihu babu ruwan nono, wane ya sayar da bargonsa, an tsinci tsoho a bayan rumfa ya sandare. Ba ya kama suna, amma kowa ya san nasa. Mu muka ɗauki waƙar muka kai turmi, har matan 'yan gari aka ce suna yin ta a ɓoye. Masu hatsi suka aiko a ce masa ya iya bakinsa. Samarinmu ma haushinsa suke ji, suna cewa su kiɗa suke so, in wa'azi ne sun san hanyar masallaci. Baba ya ce shi abin da idonsa ya gani yake faɗa, wanda ba ya so a faɗa ya daina yi a gabansa.

Maigidana shi ne babba a cikin baƙi, ba don shekaru ba, don ana shakkarsa. In ya ce a tsaya ana tsayawa. Wata rana ya dawo da sara a kafaɗa, wai ƙarfe ba ya cinsa amma ga riga jage-jage da jini. Ina gasa masa wurin ina kuka, na ce, "Malam, mun baro kabarin shanu, kada ka sa in baro naka. In ka faɗi, ni da yarinyar nan wa muke da shi a garin nan?" Washegari ya nemo garwa biyu da sanda, ya shiga ga-ruwa. Abokansa suka dinga yi masa habaici, wai ƙayar aduwa ta koma tallar ruwa. Yakan wuce su kansa a ƙasa, sandar tana lanƙwasa a kafaɗarsa. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don na san inda rauninsa yake. Na ɗibi ɗan tsaki a ƙwarya na zagaya wurin Baba, na durƙusa.

Na ce, "Baba, alfarma na zo nema."

Ya ce, "Faɗi, 'yata."

Na ce, "Don girman Allah, duk abin da zai faru, kada ka sake kaɗa masa takensa."

Ya dube ni ya ce, "Ai na daina kaɗa na kowa. Je ki kwantar da hankalinki, na ɗaukar miki alkawari."

Haka muka samu 'yan watanni na sauƙi. Ba wai mun ƙoshi ba, amma yana fita yana dawowa da ƙafarsa, yarinya har ta fara tsayawa da rigarsa.

Ranar da abin zai faru, da hantsi ne, rana ta fara zafi. Wata babbar mota ta shigo tasha, baƙi suka riga hawa, 'yan gari suka janyo wani saurayi namu daga saman kaya ya faɗo da ka. Aka ce ba ya motsi. Kafin ka ce kwabo unguwa ta hargitse, maza suna fitowa da adduna da gorori, mata suna janye yara. A daidai lokacin maigidana ya iso ƙofa da garwa biyu cike, zai kai wani gida. Da ya ga abin da ake ciki sai ya dire su a bakin ƙofa, ya shigo ya zauna a kan turmin da na kifa. Abokansa suka tsaya a waje suna kiransa. Na tsuguna a gabansa na riƙe bakin rigarsa, ina jin yadda yake numfashi.

Ta jikin zana muna jin Baba ya sha gabansu. Yana ta waƙar buhu da iyakar muryarsa, yana cewa ku tsaya, 'ya'yana, waɗanda za ku sara su ma da yunwa suka kwana. Wa zai saurare shi? Suka ture shi ya faɗi, ya tashi. Sai ya juyo wajen ƙofarmu yana kira, "Fito ka yi musu magana! Kai kaɗai suke ji! In suka isa tashar nan yau gawa ba za ta ƙirgu ba!" Maigidana ya motsa, na ƙara damƙe rigar. Ya dube ni, ya koma ya zauna. Wallahi ya zauna. Ina so a san wannan, mutumin nan ya cika mini alkawarinsa iyakar ƙarfinsa.

Sai na ji kalangu ya sauya murya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun bugun farko na gane. Baba ya ga kira da baki bai fito da shi ba, ga mutane sun fara tafiya, sai ya yi tunanin ya fito da shi da abin da ba ya iya ƙi, in ya fito ya tare su. Tsohon da ya yi shekara da shekaru yana kiɗan tauri, shi ne ya manta cewa take ba ya kiran mutum sulhu. Abu ɗaya yake fito da shi daga jikin namiji. Na ga tsikar hannun maigidana ta tashi, haƙoransa suka fara haɗuwa, turmin da yake kai yana rawa. Na ce, "Malam, dube ni! Dubi yarinyar nan!" Idon da ya ɗago ya kalle ni da shi bai san ni ba. Ya miƙe, rigar ta yage a hannuna. Yana fita maza suka ɗauki kirari gaba ɗaya, ƙayar aduwa, ƙayar aduwa! Baba ya saki kiɗan yana ihu, "Tare su! Mayar da su gida!" Ya bi ta gefen Baba ko waiwaye bai yi ba, wani ya miƙa masa adda, ya shige gaba, suka bi shi.

Ban je tashar ba. An ce 'yan gari sun san ƙarfe ba ya cinsa, don haka da gora suka same shi, ta baya, a ƙeya. Kafin azahar aka kawo mini shi. Iya ce ta kama ni, ita ta rufe masa ido. Da aka zo wanka aka nemi ruwa a unguwa aka rasa, sai wani ya ga garwa biyun nan a bakin ƙofa, ko ɗigo ba a taɓa ba. Da ruwan da ya ɗebo da kafaɗarsa aka wanke shi. 'Yan sanda sun zo sun kwashi na kwasa daga kowane ɓangare. Washegari aka samu wasu mayunwatan suka sauke motar, hatsi ya wuce inda za shi.

Ina cikin takaba Baba bai yarda mun haɗu ba, kalangunsa ma ban ji shi ba. Iya takan ce, "Ki sassauta, 'yar nan. Garin neman gira ya rasa ido, ba da mugunta ya yi ba." Na ce idon nawa ne ai, ba nasa ba. Da na fita takaba sai ga shi ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya rame, gemunsa duk ya yi fari. Ya yi sallama, na amsa don sallama ta Allah ce.

Ya ce, "'Yata, ban zo in ce ki yafe ba, ba ni da wannan bakin. A gari ana cewa ɗan daba ne ya mutu. Ina so in sa shi a waƙa, a san mai ga-ruwa ne, a san kuma wanda ya fito da shi."

Na ce, "Baki naka, kalangu naka. Ranar da ka kaɗa ka tambaye ni?"

Ya tashi ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ina daka na jiyo shi daga gindin bedi:

Ya dire garwa biyu a ƙofar gida,
Ya zauna, ya ce ba ya fita.
Makaɗi ya kira, makaɗi bai iya mayarwa ba,
Ruwan mutane ya zama ruwan wankansa.

Na saki taɓarya na shige ɗaki na toshe kunne. Na tsani waƙar nan, kuma gaskiya ce tun daga farkonta har ƙarshenta. Ita ce kaɗai ta tsaya masa. Babu alƙalin da ya tambayi yadda aka yi, babu mai buhun da ya zo gaisuwa. Yaran mota suka ɗauki waƙar suka kai Gagarawa Tasha da Maigatari, har aka ce an ji ta a tsallaken iyaka. Wasu sun ce bayan ta faɗan tasha ya yi sanyi, 'yan gari ma sun ji kunya. Ni ban sani ba, wataƙila ruwan da ya sauko a daminar gaba ne ya kwashe mutane suka koma gona. Baba bai ga wannan daminar ba, tari ya tafi da shi. Ni ban koma ƙauye ba, ba ni da abin da zan koma wa, na ci gaba da dakau a gidan Iya.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne waƙa ba ta zama inda mai ita ya ajiye ta. Tana tafiya daga baki zuwa baki tana zubar da nauyinta. Maganar makaɗi ta faɗi a hanya, maganar wanka ta faɗi, kiɗan ya ƙara sauri, har 'yan mata suka mayar da ita ta gaɗa. Ni kuwa ban taɓa gaya wa 'yata yadda ubanta ya rasu ba, cewa kawai nake Allah ya karɓi abinsa tana goye. Wata rana da la'asar, ta fara wayo, tana ɗan zuwa dandali, ina tsakar gida ina tankaɗe sai ga ta ta shigo tana tafi tana tsalle, kitso ya sha mai, tana rera ya dire garwa biyu a ƙofar gida, ya dire garwa biyu a ƙofar gida. A wannan ƙofar ta shigo tana yin ta.

Na ce, "Ke, wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Kowa ma ya iya, Inna. Ba daɗi?"

Na ci gaba da kaɗa rariya, garin ya ƙare ban sani ba. Ta zo ta jingina da bayana, tana wasa da bakin zanena.

Ta ce, "Inna, shi mai garwar nan, ya dawo ya ɗauki abinsa?"

Na ce, "Bai dawo ba."